Shekarar da Muka Kai Abba Gwada

Na ji abin da kuka faɗa ranar sunan 'yar Nura, lokacin da kuka zaci barci nake yi a ɗaki. Ke Safiya kika ce babanku ya zalunci yayanku, ya cire shi daga makaranta ya jefa shi ƙauye don kawai ya fasa masa kwaɗon keke. Kai kuma Nura ka ce ai dama haka Baba yake, idan ya yanke magana ba ya waiwaye. Ban fito ba, saboda gida cike yake da baƙi, kuma ba na son a ga hawayena ranar farin ciki. Amma mutumin da kuke magana a kansa yana kabari, ba zai tashi ya kare kansa ba, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san yadda aka yi. Ke kina da shekara bakwai a lokacin, kai kuwa kana goye a bayana. Abin da kuka sani guntu ne, shi ma daga bakin mutane kuka tsinta. To ku saurara.

Sa'ad da aka kawo ni Minna, gari ne na jirgin ƙasa da doya. Mutum zai tsaya a bakin titi ya gama gaisawa da maƙwabcinsa mota ba ta wuce ba. Da aka mayar da garin hedikwatar jiha sai komai ya juye. Tifofi suka shigo da yashi da dutse, aka yi ta gine-gine, babanku da yake kafinta ne ya samu aikin rufin gidaje, muka kama ɗaki biyu a Barkin Sale, mu da kakarku Inna. Kafin Abba ya gama firamare an shiga zamanin tsadar rayuwa. Babu mai iya sayen sabuwar mota, tsofaffin ake ta lallaɓawa, kowace tana tafe tana aman baƙin hayaƙi. Sannan ga kabu-kabu da suka fara yawa, 'yan babur ɗin nan masu ɗaukar fasinja, suna zuba baƙin mai a cikin fetur, hayaƙinsu shuɗi-shuɗi mai ɗaci a maƙogwaro. Mu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Warin gari muke ce masa. Idan baƙo ya zo daga ƙauye yana toshe hanci har dariya muke yi masa.

Abba sunan kakanku na wajen uba ya ci, shi ya sa ba a kiran sunansa na yanka a gidan. Yaro ne siriri mai yawan tambaya, kuma kansa na ja. Da ya ci jarrabawa aka ba shi sakandaren je-ka-ka-dawo can bayan Tunga, nesa ƙwarai da mu. Babanku ya samo masa tsohon keke wajen wani mai faci, irin dogayen nan na manya. Ƙafar Abba ba ta kai feda ba, sai babanku ya yanko katako biyu ya goge su sumul, ya ɗaure a kan fedojin da waya. Ina tsaye a ƙofa ranar da ya fara hawa, babanku yana biye da shi da gudu yana riƙe da sirdi, ƙurar katako duk a gashinsa, yana dariya kamar shi aka saya wa. Ku riƙe wannan hoton, don shi ma babanku ne.

Makarantarki, Safiya, tana kan hanyarsa, don haka ke yake ɗauka a kan ƙarfen gaba kowace safiya, an naɗe miki tsumma don kada ya ci miki cinya. Babban titi kuke bi, don babu wata hanyar kirki sai ita. A lokacin fita aiki motoci kan cushe, sai ya kutsa tsakaninsu, ya tsaya a bayan bas ko tifa yana jira su motsa. Akwai wani hawa kafin a shiga Tunga da yake gagarar yara. Daga baya na ji cewa yaran sun koyi dabara: su kama ƙarfen bayan tifa da hannu ɗaya ta ja su har sama. A daidai nan salansar motar take, inda hayaƙin yake fita. Abba da yake yana ɗauke da ke, kusan kullum sai ya yi haka.

Ni a wanki na fara gani. Wuyan farar rigarsa baƙi ƙirin, ba irin dauɗar gumi ba, wani maiƙo ne da sabulu ba ya fitarwa sai na jiƙa ta kwana. Idan ya fyace majina baƙa ce. Da ya dawo sai ya zauna a bakin rijiya ya dafa gwiwa, ya daɗe yana mayar da numfashi, na ɗauka gajiya ce. Sai tari ya biyo baya, busasshe, wanda ba ya fitar da komai. Kafin damina ta kankama ƙirjinsa ya fara kuka, wani siririn sauti kamar ana busa a bakin kwalba, daga tsakar gida kana jin sa.

Inna ta ce sanyi ne. Ta hana shi ruwan randa, ta dafa masa citta da kanumfari da zuma. Da bai yi sauƙi ba ta ce to ba sanyi ba ne, baki ne, yaron ya cika ƙoƙari a makaranta mutane sun sa masa ido. Ta aika aka kawo mata wasu saiwoyi, ta zuba a kasko da garwashi, ta ce a lulluɓe shi da zane ya shaƙa. Bai yi numfashi uku ba ya fara fisge-fisge, idonsa ya firfito. Babanku ya shigo ya yaye zanen, ya ɗauki kaskon ya kai waje ya kife. Tun da na shigo gidan ban taɓa ganin ya saɓa wa mahaifiyarsa ba sai ranar.

"Ni za ka kifar wa magani?" in ji Inna. "Da me na raine ka?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Ki dube shi. Gobe asibiti za mu."

Likitan da muka samu dattijo ne mai haƙuri. Ya ɗora abin awonsa a ƙirjin Abba da bayansa, ya daɗe yana saurare. Ya tambaya ko muna girki a cikin ɗaki, na ce a waje nake yi. Ya tambaya ko akwai mai shan taba, muka ce babu. Sannan ya juya wajen yaron ya ce da me yake zuwa makaranta, ta ina yake bi. Abba ya faɗa masa, har da zancen tifa, yana murmushi don yana ganin bajinta ce. Likitan bai yi murmushi ba.

"Malam, asma ce," ya ce da babanku. "Wataƙila da ita aka haife shi tana kwance, amma titin nan ne yake tayar da ita. Wanda yake cikin mota wucewa yake yi. Mai tuƙa keke haki yake, bakinsa a buɗe, yana zuƙar hayaƙin har ƙasan huhu. Ga shi yaro, huhun bai gama ƙwari ba. Zan ba shi magani, amma maganin ba zai yi faɗa da titi kullum ya ci nasara ba. Ku raba shi da hayaƙin nan."

"Ta yaya, likita? Makarantar tana can, mu muna nan."

"Wannan kuma ku za ku duba."

Mun duba, Allah ya sani. Babanku ya je ya roƙi a mayar da shi makaranta mafi kusa, aka ce babu gurbi sai wata shekara. Ya gwada sa shi a bas, amma ba kullum ake da halin haka ba, kuma jiran bas ɗin ma a bakin titin ne. Ya gwada tafiyar ƙafa, sai ya zama ya fi daɗewa a cikin hayaƙin, ya isa a makare a yi masa bulala. Akwai wata 'yar hanya ta bayan gari da ke bin gefen layin dogo, ya bi ta na ɗan lokaci muka ga sauƙi, sai ruwa ya yi ƙarfi rafi ya cika ya yanke ta. Na ɗinka masa ƙyalle ya riƙa ɗaurewa a hanci, yara suka sa masa suna ɗan fashi, ya cusa shi a aljihu. Ƙarshe babanku ya sa sarƙa da kwaɗo ya ɗaure keken a jikin turken rumfa, ya ce ya zauna a gida har ƙirjin ya lafa, ko da zangon karatu ɗaya zai rasa.

Zama ya gagari Abba. Yakan tsaya a ƙofar gida da safe yana kallon abokansa suna wucewa da yunifom. Ya ce da ni jarrabawar ƙarshen shekara ta matso, idan bai rubuta ba za a bar shi a aji ɗaya.

"Umma, ki roƙar mini Baba. Kwana kaɗan ne. Wallahi ba zan kama tifa ba."

"Ka ji abin da likita ya ce."

"Likita ya gama nasa karatun ai."

Ranar da za a fara jarrabawar babanku ya fita tun da sassafe, ni kuma na shiga bayan gida ina yi wa Nura wanka. Abba ya ɗauki guduma a akwatin aikin babanku ya fasa kwaɗon. Ke kuma, Safiya, kika biyo shi da kuka sai ya tafi da ke, ya ɗora ki. Ko da na fito babu ku babu keke.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga Maman Rifkatu ta faɗo gidan ba sallama. Maƙwabciyarmu ce, Bagwariya, tana suyar doya a bakin titin Tunga. Zaninta a hannu, ba ɗankwali, tana riƙe da ke, goshinki yana jini.

"Maman Abba, ka zo! Yaro naka ya fadi! Ba ya numfashi da kyau, an kai shi asibiti, ka zo maza!"

A hanya ta ba ni labari. Wata tirela ce ta mutu a tsakiyar hawan, motoci suka taru a bayanta, direba yana ta ba ta wuta tana tuttulo hayaƙi har ba a ganin gaba. Abba yana tsakiya, ba gaba ba baya. Ta ce ta hango shi ya sauke ƙafa, ya saki kan keken ya kama wuyansa da hannu biyu, sannan kuka kife tare. Tabon da yake goshinki ke nan, wanda muka ce miki faɗuwa kika yi kina wasa. Maman Rifkatu ta bar kaskonta a kan wuta ta tare mota, wani bawan Allah ya ɗauke shi.

Na same shi a kan gado an sa masa robar iska a hanci, leɓɓansa sun yi toka-toka, haƙarƙarinsa yana shiga yana fita kamar zugazugin maƙeri. Babanku ya iso da kayan aiki a jikinsa. Bai yi faɗa ba. Ku ji ni da kyau, ko kalma ɗaya bai faɗa a kan kwaɗon nan ba, a ranar ko bayanta. Ya tsuguna a gefen gadon ya riƙe ƙafar yaron, ya ƙi tashi har aka yi la'asar. Da likitan ya zo zagaye ya ja mu gefe ya ce wannan karon Allah ya kiyaye, amma kada mu sa ran za a riƙa samun mai tare mota kowane lokaci.

A barandar asibitin muka yi maganar, ni da babanku. Ni na fara ambatar Gwada, inda yayana, kawunku Ɗanladi, yake noma da cinikin doya. Can iska a sake take, akwai makaranta kuma da ake zuwa da ƙafa ta cikin gonaki.

"Makarantar can ba kamar ta nan ba ce," in ji babanku. "Yaron nan likita yake so ya zama."

"Sai yana da rai zai zama."

"Zai tsane mu."

"Ya tsane mu yana numfashi."

Ya share fuskarsa da hularsa, ya ce shi ke nan, amma shi zai faɗa masa, kuma kada in nuna da bakina a ciki. Ya ce yaro yana iya jure fushi da ubansa, amma idan ya yi fushi da uwarsa ba shi da wurin zuwa. Haka aka yi. Da aka sallamo shi babanku ya kira shi rumfa ya faɗa masa a taƙaice, da murya mai kauri wadda ba tasa ba. Abba ya durƙusa ya yi ta roƙo, ya ce ya tuba, zai biya kwaɗon, ba zai ƙara taɓa keke ba. Inna ma ta sa baki, ta ce ba a raba ɗan fari da gidan ubansa. Babanku ya ce ya gama magana, ya tashi ya fita. Ni na san inda ya je. Bayan masallaci ya zagaya, ya daɗe a can, ya dawo idonsa jajur ya ce ƙurar katako ce.

Ranar kasuwar Gwada muka kai shi a motar 'yan doya. Bai yi wa babanku sallama ba.

Gaskiyar likita ta fito. Kafin a yi girbi tarin ya tsaya. Da na je ganinsa na same shi ya yi ƙiba, ya yi baƙi, yana ɗaukar doya a ka yana gudu da ita. Na kasa kunne a bayansa ban ji kukan nan ba. Na yi ta hamdala a motar dawowa. Amma gaskiyar babanku ma ta fito. Makarantar ba ta da isassun malamai, wani lokaci a yi sati ba a shiga aji ba. Yaron da yake kwana da littafi ya fara bin kawunsa gona da kasuwa, kafin mu farga ya daina zuwa gaba ɗaya. Babanku ya je har can ya yi masa magana, ya ce ya daure ya gama, in ya so a nemi makarantar kwana. Abba ya amsa masa yana kallon gefe.

"Ai kun riga kun zaɓa mini, Baba."

Daga nan tsakaninsu sai gaisuwa. Idan ya zo sallah yakan durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tashi ya dawo wajena ya zauna. Sau da yawa na so in faɗa masa cewa ni na kawo zancen Gwada, babanku ya hana ni. Ya ce a bar shi haka.

Da ya zama saurayi noma ya fita ransa. Ya ga sa'o'insa na Minna wasu sun shiga jami'a, wasu suna aikin ofis, shi ba takarda. Wata rana sai ga shi da jakarsa, ya ce ya dawo ke nan, wani mutum zai ba shi babur ya riƙa kabu-kabu. Babanku ya ce ya zo shago ya koyi kafinta, Abba ya ce ƙurar katako ma ai ƙura ce. Babanku ya ce to ya koma Gwada a ba shi gona tasa ta kansa, a yi masa aure.

"Na warke, Baba. Shekara nawa ban yi tari ba? Kuma yanzu ni ba yaro ba ne da za a sa a mota a kai."

Ba a ɗaure babba da sarƙa. Ya kama ɗaki da abokansa a Tunga, yana fita tun safe har magariba, a kan titin nan dai, a bayan motocin nan dai, sai dai yanzu sun ninka. Damina ta farko tarin ya dawo. Ya riƙa ɓoye mini, yana yawo da ɗan abin fesawa a baki cikin aljihu. Idan ya kawo mini cefane ba ya daɗewa, don kada in ji ƙirjinsa. A damina ta biyu, wata ranar Laraba da azahar, ya sauke fasinja a bakin kasuwa, ya jingine babur, ya zauna a kan dakalin wani shago. Masu shagon sun zaci hutawa yake yi. Ko da suka gane, aka sa shi a mota, bai kai asibiti ba.

Wannan kun sani, kuna da wayo lokacin. Kun ga babanku a wajen zaman makoki bai yi kuka ba, yana amsa gaisuwa da bushewar ido, na san a ranar kuka ƙara yanke masa hukunci. Abin da ba ku gani ba shi ne bayan sadakar uku, da mutane suka watse aka naɗe tabarmi. Na same shi a rumfa shi kaɗai bayan azahar, hannuwansa a kan gwiwa. Na zauna nesa kaɗan. Abin da yake cina tun ranar Laraba na kasa riƙe shi.

"Malam, da mun bar shi ya gama makarantar nan, da yanzu yana ofis. Da bai hau babur ba."

"Da mun bar shi, da a hawan Tunga za mu ɗauko shi yana ɗan shekara goma sha uku."

"Ba mu sani ba."

"Ba mu sani ba," ya ce. "Shi ne abin."

Can na tambaye shi, da za a mayar da mu barandar asibitin nan, zai sake yarda da abin da na kawo?

"Zan sake," ya ce. "Na taɓa zuwa Gwada ban sanar ba. Na hango shi daga nesa yana ƙwallo da yara a fili, yana gudu yana ihu, ba ya ko haki. Na tsaya a gindin mangwaro na kalle shi har suka tashi. Ban bari ya gan ni ba, don kada in ɓata masa wasan. Na juya na hau mota na dawo."

Ya miƙe ya ɗauki butarsa, don an kira la'asar. Har ya bar duniya bai ƙara ɗaga zancen ba.